Ranar da Baba Ya Duba Sitiyarin Surukinsa

Maigidana ya fita wata safiya da boksinmu, motar da ke kai mana albasa kasuwa, ya dawo da la'asar cikin wani abu mai ƙara wanda tun yana bayan gonaki awaki suka fara fizgar igiya. Na fito ƙofar gida da ludayi a hannu. Na duba bayansa ko zan ga boksi yana biye, ban ga komai ba sai yaran unguwa a guje.

Ya fito yana murmushi irin na wanda ya san ya yi ɓarna amma ya riga ya shirya jawabi tun a hanya. Ya ce motar tsere ce. Wai a wani gida a birnin Madani ya same ta a ajiye, ta mahaifin mai gidan ce, wanda a zamaninsa yake shiga gasar gudu da ita cikin sahara. Sun yi musaya, ya ba da boksi ya karɓo wannan. Na zagaya ta ina kallo. Ja ce a da, yanzu launinta ya koma na busasshen tumatir. A jikin ƙofa akwai wata lamba da ta koɗe. Fitilu ne jere a gabanta manya-manya, guda ce kawai ke kamawa. A ciki an gitta ƙarafa ta ko'ina kamar akurkin kaji, wai don in ta kife kada rufin ya danne mutum. Kujeru biyu ne rak, masu zurfi, in ka zauna sai an jawo ka.

"To albasar hwa?" na ce. "A aljihu za ka zuba ta?"

"Ke ba ki san mota ba," in ji shi. "Wagga arabiyya, ko a Madani babu irinta."

Na yarda babu irinta, shi ya sa ma suka rabu da ita. Ban faɗa a fili ba, don yara suna tsaye.

Ya sa kafinta ya yi benci a baya tsakanin ƙarafan, aka shimfiɗa katifar yara a kai, nan ne wurin zaman iyali. Ni kuwa aka ba ni kujerar gaba, wadda ke da igiyoyi ta kafaɗa da ta ƙugu, sai an ɗaure mace kamar buhun dawa sannan a tashi. Gaskiya ranar farko na ji daɗi. Mata suna leƙe ta katanga, ni ina ɗaga musu hannu kamar matar babban ma'aikaci.

Hanyoyinmu a nan duk a kan gaɓar tur'a suke, wato magudanar da ke kai ruwa gonaki. Tudu ne siriri na baƙar laka, gefe guda ruwa, ɗaya gefen gangare zuwa hawasha, wato gonakin da ake ba ruwa. In ka haɗu da amalanken jaki sai an yi shawara kafin a wuce. Ni ban iya tuƙi ba, amma ina da ido, kuma kujerata tana kusa da hannunsa. Na lura yana juya sitiyari kusan faɗin tafin hannu kafin motar ta san da ita ake. Hannunsa ba ya hutawa, dama, hagu, dama, kamar mai tankaɗe, alhali hanyar a miƙe take. In muka faɗa rami sai in ji wani ƙwas daga ƙasa ta ɓangarensa. Wani lokaci kuma, haka kawai, sai hancin motar ya karkata wajen ruwa kamar saniyar da ta ji ƙishirwa, ya fizgo ta da sauri ya kama waƙa don kada in yi magana.

Na yi maganar. Ya ce haka motocin tsere suke, an yi su ne don gudu, tafiya a hankali ce ke ɓata musu rai. Na ce ƙarar nan fa. Ya ce tsakuwa ce. Na ce a ƙasar da babu tsakuwa ko ta jifan kare. Ya ce to laka ce ta bushe. Ya nuna mini hotunan wasu motoci a wayarsa suna tashi sama suna dira cikin yashi, ya ce in duba, duk sitiyarinsu rawa yake. Mutumin nan ba wawa ba ne, ya san albasa tun tana iri, ya san ranar da za a saki ruwa tun kafin a faɗa. Ya san akwai abin da ke damun motar. Amma duk garin sun yi masa dariya kan boksi, kuma kai ta wurin makanike a kasuwa daidai yake da tsayawa a tsakiyar masu shayi ya ce sun yi gaskiya.

Da abin ya tsaya a kaina ni kaɗai, da na bar shi da jar amaryarsa. Sai ƙanwata da ke aure a Managil ta haihu, aka sa ranar suna. Maigida ya sanar a gaban kowa cewa shi zai kai mu, ni da yaran duka, a motar tsere, mutanen Managil su ga abin da ba su taɓa gani ba. Hanya ce mai tsawo, yawancinta bakin babbar tur'a, kuma lokacin ban ruwa ne, ta cika har baki. Na dubi autana yana barci, na tuna bencin nan da babu abin riƙewa sai ƙarfe. Tsoro ya kama ni sosai.

Mutum guda ne a garinmu da maigida ba zai iya yi wa gardama kan mota ba, shi ne mahaifina. Baba ya yi rayuwarsa yana tuƙa babbar motar auduga, tun hanyoyin nan ba su san kwalta ba, har gwiwa ta ajiye shi. Yana jin mota ta wuce ta bayan gida zai faɗa wa Inna abin da ke ciwo a cikinta. Matsalar guda ce, surukai ne. Tun da aka ɗaura mana aure waɗannan mutane biyu ba su taɓa haɗa ido ba. Maigida yana hango Baba a lungu zai canja hanya, in kuwa babu hanyar canjawa sai ya tuɓe takalmi ya durƙusa ya gaishe da ƙasa. Baba ya amsa wa sama. Ba su taɓa cin abinci a faranti ɗaya ba. Maigida ya yi furfura a gemu, amma a bakin Baba har yau sunansa yaron nan. Maƙwabtanmu Larabawa suna mamakin abin, su da suruki ke zama da suruki a gado guda suna shan jabana, kofin gargajiyarsu, suna musun ƙwallo. Mu kuwa da shi kakanninmu suka zo daga yamma, sun yar da abubuwa da yawa a hanya, wannan kam sun riƙe shi gam.

Na je gidanmu. Baba yana kan gadonsa na igiya a gindin bishiya, Inna tana gyaran wake. Na zauna kusa da Inna na ɗaga murya yadda zai isa gindin bishiyar, na ba ta labarin sitiyari, da ƙwas, da karkata wajen ruwa. Inna ba ta san sitiyari daga marfin tukunya ba, amma ta san aikinta, tana ta cewa to, to, ikon Allah.

Baba ya daɗe yana juya carbi. Can ya ce, yana kallon butarsa, "Na ji ta ranar da tac wuce nan. Tana da magana."

Na ce wa Inna, ai da za a samu wanda zai duba.

"Abin mutum abin mutum na," in ji Baba, har yanzu da butar yake. "Wanda ba a kira ba, ba shi zuwa."

Na koma gida ina tafasa. Ga mai mota ba zai roƙa ba, ga mai sani ba zai tanka ba, ni da 'ya'yana kuma mu ne za mu sha ruwan tur'a saboda ladabi. Ina cikin wanke-wanke dabara ta zo mini, har na yi dariya ni kaɗai. Mutanen da ba sa magana da juna ai ba za su taɓa gwada labari ba.

Na ce wa maigida Baba yana sha'awar yin sallar Juma'a a garin Hajj Abdalla, gwiwa ta hana shi hawa motar haya, ya kuma yaba da wannan ja da ya ji tana wucewa, kunya ce ta hana shi nema. Maigida ya kumbura kamar an hura shi. Na koma na ce wa Inna, a kusa da bishiya, yaron nan yana roƙon alfarma, yana son Baba ya sa wa motar albarka da zama a cikinta ranar Juma'a, amma bakinsa ya yi nauyi. Baba ya ce wa butarsa ba a mayar da alheri. Har yau kowannensu yana ganin ɗayan ne ya nema, ni kuma ban ga dalilin ɓata musu wannan ba.

Ranar Juma'a maigida ya wanke mota har taya, ya sa farar jallabiya da rawani. Shigar da Baba kujerar gaba kaɗai ya isa a biya kuɗin kallo. Sai da ya sunkuya ta ƙarƙashin ƙarfe, rawaninsa ya maƙale, ya faɗa cikin kujerar gwiwoyinsa suka taso kusa da gemu. Maigida yana son taimaka masa, ba ya iya taɓa shi, sai zagaye yake yana sannu da iska. Ni na ɗaure wa Baba igiyoyin, na haye benci a baya. Dole a tafi da ni, in ba haka ba wa zai kai magana daga kujera zuwa kujera.

Muka hau gaɓar tur'a. Maigida yana tuƙi wuyansa a karkace wajen taga don kada idonsa ya faɗa kan surukinsa, Baba yana kallon ɗaya tagar. Amma na ga idon Baba yana satar kallon hannun da ke kan sitiyari. Muka faɗa rami, ƙwas. Baba ya ɗan karkata kunne. Muka faɗa wani, hancin motar ya nufi ruwa, maigida ya fizgo ta, wannan karon babu waƙa. Ba mu kai ko gadar farko ba Baba ya yi gyaran murya.

"Ki ce mishi shi tsaya."

Tsakanin kafaɗarsu bai kai kamu ɗaya ba. Na leƙo da kaina tsakaninsu na ce, "Baba ya ce ka tsaya."

"Ki ce ma Baba to."

Ya tsaya a wani fili kusa da bishiyar gawo, inda gaɓar ta yi faɗi. Na jawo Baba waje. Ya dogara sandarsa ya zagaya gaban motar, ya danna kowace taya da ƙafa ya ji iskarta. Sannan ya sunkuya ya shafa fuskar tayar hagu da tafin hannu, daga waje zuwa ciki, daga ciki zuwa waje. Ya kama hannuna ya ɗora a wurin. Gefen ciki ya cinye sumul, na waje kuwa da sauran zanensa, kuma in ka shafa ta gefe guda sai ka ji kaifi yana kama fata. Ya ce taya ba ta cin gefe guda sai in ba ta kallon inda 'yar'uwarta ke kallo.

"Ki ce mishi shi ɗaga ta."

Maigida ya fito da jak ya ɗaga gaban. Baba ya ce in ce masa ya kama tayar sama da ƙasa ya girgiza. Ya girgiza, shiru. Baba ya ce to ba nan ba ne, ya kama ta dama da hagu. Ya kama, sai ga taya tana lilo, ƙwas ƙwas, sitiyari kuwa a ciki ko motsi. Maigida ya ce in ce wa Baba wataƙila haka aka ƙera ta, don tsere. Na juya na ce, "Baba, ya ce wai wataƙila haka anka yi ta, wai kai motar auduga ka sani." Ƙarshen nan nawa ne. Maigida ya zaro ido yana kallona, amma ba shi da bakin ƙaryata ni, don ƙaryatawar ma sai ta bi ta kaina.

Gefen gemun Baba ya ɗan motsa. Ya ce a sauke ta, nauyinta ya koma kan tayoyi. Ya yi mini bayani, ni ɗalibar dole, cewa daga sitiyari zuwa taya gaɓoɓi ne a jere, kowace tana miƙa wa ta gaba. Sai mutum guda ya zauna yana kaɗa sitiyari kaɗan-kaɗan, wani ya kwanta a ƙasa ya riƙa dafa gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta yi motsi ta gabanta ba ta amsa ba, ita ce mai laifi, kuma hannu yana jin ta kafin ido ya gani.

Nan aka yi cirko-cirko. Baba ne ya san abin da za a ji, amma in ya kwanta a ƙasa, surukinsa zai zauna a saman kansa, abin da maigida ya gwammace ya faɗa tur'a da ya yi. Na gwada kaɗa sitiyarin da kaina, ya ƙi ko gezau, ɗan ƙarami ne ga tauri kamar murfin rijiya. Saboda haka aka sake cusa Baba, wannan karon a kujerar direba, maigida kuma ya shimfiɗa buhun albasa ya shige ƙarƙashi da farar jallabiyarsa. Ni na tsuguna a bakin ƙofa, kaina guda sama guda ƙasa.

"Ki ce mishi shi dafa inda sandar sitiyari tas sauko."

"Baba ya ce ka dafa sandar da tas sauko, ba ta hayaƙi ba, kar ka ƙone mana."

"Ki ce ma Baba na dafa. Lahiya lau take."

"Ki ce mishi shi matsa hagu, shi bi ƙarfen da yat tahi wajen taya."

"Baba ya ce hagu. Hannun da ba ka cin tuwo da shi."

Daga ƙarƙashin mota na ji ya yi ƙwafa. Na san zan biya wannan a gida, amma dama irin wannan ba ta zuwa kullum, miji a ƙasa, uba a sama, kowa sai abin da na ce an ce. Wani mai amalanke ya tsaya yana kallonmu, ya tambaya da Larabci ko mutanen biyu kurame ne. Na ce masa surukai ne. Ya girgiza kai ya kaɗa jakinsa.

Baba yana ta kaɗa sitiyari a hankali, idonsa a rufe. Maigida yana bin ƙarfen gaɓa bayan gaɓa, yana cewa tamam, tamam, wato lafiya lau, ni ina ɗaukar tamam ɗin ina miƙawa sama. Da ya kai gaɓar ƙarshe, wadda ke riƙe da tayar kanta, sai tamam ta ƙare. Na leƙa. Hannunsa yana kan wani dunƙulen ƙarfe, robar da ta rufe shi ta yage, baƙar laka ta cika ciki ta bushe. Duk kaɗawar da Baba ya yi sai dunƙulen ya yi tsalle a cikin tafinsa.

"Ki ce ma Baba," ya ce, muryarsa ta sauya, "nan tana bugun hannuna."

Baba ya buɗe ido. Ya ce in tambaye shi notin da ke riƙe da gaɓar, akwai ɗan ƙarfen da ake sokawa a kulle shi ko babu. Ban ƙara gishiri a wannan ba. Maigida ya kankare laka da farce. Ya ce babu, sai guntun ƙusa da wani ya taɓa lanƙwasawa a wurin, ta yi tsatsa ta karye. Baba ya ce ya taɓa notin ya ji. Na ga yatsunsa biyu sun kama shi, ko ƙarfi bai sa ba, notin ya juya sau ɗaya ya faɗo cikin tafinsa.

Ya fito daga ƙarƙashi a hankali, gabansa duk laka, rawani ya kwance. Ya miƙa mini notin, ni na miƙa wa Baba. Baba ya ce a fito da shi, a sake ɗaga motar. Da taya ta bar ƙasa, ya sa maigida ya ɗan bugi gaɓar da hannun jak, ƙarfen ya zame ya rataya. Baba ya sa bakin sandarsa ya tura tayar, turawa irin ta buɗe ƙofar ɗaki. Tayar ta juya gaba ɗaya ta kalli ruwa, ɗayar tana nan tana kallon Hajj Abdalla.

Ruwan tur'a yana wucewa a gefenmu, ja, mai nauyi, ya kusa taɓa bakin gaɓa. Ni da na zo da shirin dariya, na nemi dariyar na rasa. Bencin yara kawai nake kallo ta gilashin baya.

Baba ya juya notin a hannunsa. Sai ya ɗaga kai, ya tsallake ni da ido, ya dubi maigida tsakiyar fuska.

"Da wanga kake ɗaukar mini ɗiya bakin tur'a?"

Bai ɗaga murya ba. Ni kuma bakina ya riga ya saba, na buɗe shi na fara, "Baba ya ce..."

"Na ji," in ji maigida. Ya durƙusa a cikin laka, kansa a ƙasa. "Na ji, Baba. Ba ta ƙara shiga wagga mota sai ka ce ta shiga."

Ni ce 'yar farin Baba. A gabana bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa cewa tawa ce a gaban mutane ba, in zai yi zancena sai ya ce yarinyar nan, in na yi ciwo Inna yake tambaya ta bayan ɗaki. Na girma ina ganin haka abin yake, ban taɓa jin haushi ba, ban kuma san ina jiran komai ba. Ranar nan, bayan na tara masa jikoki, a bakin hanya, ya ce ɗiyarsa, kuma muryarsa ta karye a kan kalmar.

Na koma bayan motar kamar mai neman takalmi, na zauna a gindin gawo na ja mayafi na rufe fuska. Ina jin su a gaba, Baba yana cewa riƙe nan, ɗaga kaɗan, a'a ba haka ba, maigida yana cewa to Baba, suna ɗaure ƙarfen da waya don a samu a tura ta gida. Daga nesa aka fara kiran sallar Juma'a a wani ƙauye. Na yi kukana a hankali don kada su ji su koma kunya.